Katin da Lonnie Tackett Ya Riƙe

Akwai wani dattijo mai suna Lonnie Tackett a garinmu Tarver, kudancin Indiana. Shekararsa sittin da takwas, yana da shagon taya a bakin babban titi, yana da mace tagari mai suna Darlene, ga jikoki biyar. Idan ka gan shi ranar Lahadi yana raba littafin waƙa a ƙofar coci za ka rantse ba shi da damuwar komai a duniya. To yana da ita, kuma damuwar tasa mutum ce, sunanta Odell Mabry.

Tarver dai ba ta da abin taƙama sai ƙwallon kwando. Kwalejin garin ta kusa shekara ɗari tana buga shi. Sau uku ta ɗauko kofin ƙasa na ƙananan kwalejoji, na yanki kuwa har an gaji da ƙirgawa. An taɓa yin shekara huɗu cur ba wanda ya zo zaurenmu ya ci mu. Mutum zai rasu a garin nan 'ya'yansa su raba gida da gona lafiya lau, amma da an zo kan kujerarsa ta zaure sai an kira fasto ya shiga tsakani.

Kofin farko, Lonnie da Odell ne suka kawo shi, shekara arba'in da shida da suka wuce. Saura daƙiƙa bakwai a tashi, ana gabanmu da maki ɗaya. Lonnie ya fizge ƙwallo a hannun ɗan wancan ɓangaren, ya ratsa mutum uku, ya miƙa wa Odell ko kallonsa bai yi ba. Odell ya yi tsalle ya jefa, ta shiga.

Tun daga ranar garin ya sa wa abin suna "jifan Odell". Hoton jifan yana shagon aski, yana banki, yana gidan abincin Merle a saman tukunyar gahawa. A hoton, Odell yana sama kamar zai taɓa rufi. Lonnie kuwa gwiwar hannunsa kawai ake gani a gefe.

Don Allah a yi wa Odell adalci, bai taɓa cinye yabon shi kaɗai ba. Duk taron da aka miƙa masa lasifika sai ya ce, "Ba don Lonnie ba, da ko taɓa ƙwallon nan ban yi ba." Mutane su yi tafi, su ce kai Odell akwai sauƙin kai. Shi kuwa Lonnie ji yake kamar sadaka aka miƙo masa a bainar jama'a, har yabon mai sadakar ake yi. Kishi ne, ba wani suna da za a sa masa, kuma shekara arba'in da shida yana kwana da shi yana tashi da shi.

A kwalejin nan, babbar girmamawar da ake yi wa ɗan wasa ita ce a ɗaga rigarsa can saman zaure a rataye, lambarsa kuma ba mai sake sa ta har abada. Marigayi Koci Brandvold, wanda ya horar da su Lonnie, shi ya kafa dokar abin, kuma ya kafa ta da tsauri. Ya ce ba ruwan masu kuɗi, ba ruwan kwamiti. Abokin wasa ne zai rubuta wasiƙa ya ba da sunan mutum. A watan Fabrairu sai a aika kati ta gidan waya ga duk wanda suka yi wasa tare kuma yake raye. Sai katunan duka sun dawo da sa hannu. Sakatariyar ƙungiya kaɗai ke buɗe su, abin da za ta faɗa wa gari bai wuce "ya cika" ko "bai cika ba". Riga ɗaya ake ɗagawa a shekara, ranar wasan gida na ƙarshe. Kuma layi ake bi, ba a buɗe maganar na baya sai an gama da na gaba.

Da layi ya zo kan Odell, mutum tara ne ban da shi suka rage a raye daga cikin 'yan wasan shekarar. A lokacin ciwon sukari ya riga ya fara cin idanunsa. Likita ya gaya masa gaskiya cewa ganin tafiya yake, sai dai a rage masa gudu. Odell bai ɓoye wa kowa ba. Ya ce shi burinsa ɗaya, ya ga lamba talatin da huɗu tana hawa da idonsa kafin duhu ya rufe.

Kati ya iso shagon Lonnie ranar wata Talata. Ya juya shi gaba da baya. Ya ɗauki biro, ya cire murfin, ya mayar. Sai ya fita ya jefa katin a aljihun gaban motarsa, ya rufe.

"Gobe," ya ce wa kansa.

Goben nan ba ta zo ba har Misis Loretta Voss, sakatariyar ƙungiya, ta liƙa takarda a ƙofar zaure mai kalma uku: bai cika ba.

Duk Alhamis da safe tsofaffin 'yan wasan da ke gari suna haɗuwa a gidan abincin Merle su karya da ƙwai da biredi. Wannan Alhamis ɗin teburin ya yi zafi. Hollis, wanda ya fi su tsawo ya kuma fi su baki, ya buga cokali a faranti.

"Ni dai a nuna min wanda ya riƙe katinsa. Wallahi da gwiwar ƙarfen nan da aka sa min zan taka shi."

"Kai da ko a ƙuruciya ba ka iya taka kowa ba," wani ya ce. "Benci ne ya san nauyinka."

"Bencin ma an ci kofi da shi."

Lonnie ya ajiye gahawarsa ya girgiza kai. "Ba abin dariya ba ne. Duk wanda ya yi wannan ba mutum ba ne. Mutumin da kuka yi gumi tare, kuka kwana a mota ɗaya? Tir da hali irin wannan."

Odell yana ƙarshen tebur cikin baƙin tabarau, yana shafa man gyaɗa a biredi a hankali. Ya ce, "Ku bar shi, 'yan'uwa. Wataƙila gidan waya ne suka ɓatar. Baɗi ma rana ce."

Abin da zai ba ku haushi, Lonnie ya koma shago ranar yana fito da baki. Karo na farko ke nan da Odell ya nemi wani abu a garin nan bai samu ba, kuma abin yana hannun Lonnie. Daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba tun ranar kofi.

Fabrairu ta sake zagayowa, kati na biyu ya bi na farko cikin aljihun mota. Saura kwana huɗu a rufe karɓa, Darlene ta shiga motar neman takardar inshora. Ta same shi a shago yana duba wata taya, ta ajiye katunan biyu a kan tebur, ta rufe ƙofa.

"Mene ne wannan, Lonnie?"

"Kin shiga min mota ke nan."

"Na shiga. Mene ne wannan?"

Ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa. "Ban ce ba zan sa ba. Ya ɗan jira mana. Ni shekara nawa nake jira?"

"Jiran me kake? Mutumin nan shi ya riƙe maka zobe ranar aurenmu. Lokacin da aka yi maka aikin zuciya, wa ya zauna a shagon nan wata biyu?"

"Na sani. Komai shi ne. Zobe shi, shago shi, kofi shi. Ni da na ƙwato ƙwallon fa? Darlene, jikana na cikina ya tambaye ni wai ko na taɓa buga wasa da Odell Mabry."

Ta dube shi ta daɗe. "To makantarsa ce za ta sa ka cikin hoton?"

Ya juya ya koma kan tayarsa.

"Ba zan gaya wa kowa ba," ta ce, "don kunyar har ni za ta shafa. Amma ranar Asabar ka nemi wanda zai zauna kusa da kai a zaure, ni dai ba ni ba."

Ko kun ɗauka wannan ya karya shi? Ina. Zuciya ta ɗebe shi, ya ce har matarsa ma ta bi Odell. Ya kwashe katunan ya mayar cikin mota. Aka sake liƙa takarda: bai cika ba. Aka yi wasan gida na ƙarshe, aka ci, aka watse, ba rigar da ta hau.

Cikin watan Afrilu waya ta yi ƙara a shago. Odell ne.

"Ɗan'uwa, Janelle ba ta samu hutu a wurin aiki ba, ga shi ina da ganin likitan ido a Indianapolis gobe. Ko tsohuwar motarka za ta kai mu?"

Janelle ita ce 'yarsa, ita ke kai shi ko'ina tun da ya daina tuƙi. Lonnie ya rasa hanyar zillewa, ya ce to.

Suka tafi da safe. Odell ya zauna gwiwoyinsa suna gugar aljihun motar nan da katunan ke ciki, tafiyar awa biyu, Lonnie yana tuƙi yana satar kallon wurin. A asibiti ya zauna a waje yana juya wata tsohuwar mujalla. Da Odell ya fito, wata ma'aikaciya ce ta riƙo hannunsa har bakin ƙofa.

Sai da suka bar gari, gonakin masara suka fara wucewa, sannan Odell ya yi magana.

"Idon dama ya tafi. Na hagu, in ji likitar, in ya kai ƙarshen bazara an gode Allah."

Lonnie ya ƙara riƙe sitiyari. "Likitoci ma suna kuskure."

"Wannan ba ta yi kama da mai kuskure ba." Odell ya yi 'yar dariya. Can ya ce, "Ka san abin da ya fi ci min rai? Ba tawa ba ce. Taka ce."

"Tawa kamar yaya?"

"Bai kamata in faɗa ba, Koci zai juya a kabari. Rigarka ce ke bin tawa a layi. Ni na rubuta wasiƙar, shekara goma sha ɗaya ke nan. Shafi uku na yi, har da yawan ƙwallon da ka miƙa min a shekara huɗu, don na zauna na ƙirga. Na so a ce ina gani za a ɗaga lambarka sha biyu kusa da talatin da huɗu. To ga shi wanda ya riƙe katinsa, ba ni kaɗai ya riƙe ba, har da kai."

Lonnie ya ji kamar an zuba masa ruwan ƙanƙara a ƙeya. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya ce taya yake son dubawa. Ya zagaya bayan motar ya dafa ƙarfe da hannu biyu. Tayoyin lafiyarsu ƙalau, shi ya fi kowa sani. Ba rigarsa ce ta tsaya masa a wuya ba. Shafi ukun nan ne, da mutumin da ya zauna ya ƙirga.

Washegari da ƙarfe takwas yana ofishin Misis Voss. Ya ajiye katunan biyu a gabanta, duka da sa hannu. Ta ɗaga tabarau ta dube su, ba ta nuna mamaki ba ko kaɗan.

"Waɗannan sun mutu, Mista Tackett. Sabon kati sai Fabrairu."

"Loretta, don girman Allah. Idonsa ba zai kai Fabrairu ba. A kira taro, a buɗe zaure ranar wata Asabar, ni zan hau tsani in rataye ta da hannuna."

"Ranar wasan gida na ƙarshe ake ɗaga riga. Kai ma ka sani."

"Doka ai mutum ya yi ta."

"Haka ne. Shekara biyu tana rufa maka asiri, ina zaune a nan ana zagin mutum takwas da ba su ji ba su gani ba, ban buɗe baki ba. Yanzu kuma ba zan lanƙwasa ta don ta dace da kai ba." Ta tura masa katunan. "Na so ka zo bara."

Ya je wurin sabon koci, ya je wurin shugaban kwaleji. Kowa ya tausaya, kowa ya ce tun da aka kafa dokar ba a taɓa karya ta ba. Da ya ga haka sai ya roƙi mai gadin zaure ya buɗe musu, ya kai Odell ya nuna masa gurbin da rigar za ta zauna. Odell ya ɗaga kai ya ƙanƙance idon hagu.

"Ina ganin fitila. Wurin yana da kyau?"

"Tsakiya ne sosai."

"To madalla."

A watan Agusta idon hagu ya rufe.

Lonnie ya sami Odell da hantsi a barandar gidansa yana ɓare masara cikin roba, yana laluben kowace da yatsa. Ya ja kujera ya zauna. Ya shirya magana tun daga gida, amma da ya buɗe baki guntuwa ce ta fito.

"Odell, ni ne."

"Na ji takunka ai. Ƙafar hagu kake ja."

"Ba wannan ba. Katin. Ni na riƙe shi."

Odell ya ci gaba da ɓare masararsa. "Na sani."

"Loretta ce?"

"Loretta ko wuƙa aka sa mata ba za ta faɗa ba. Tun Alhamis ɗin farko na gane. Hollis haushi yake ji, sauran suna jin kunya. Kai kaɗai ne muryarka take da daɗi a ciki. Shekara huɗu ina gane inda za ka jefo ƙwallo ba tare da ka kalle ni ba, sai wannan ne zai ɓace min?"

"To me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? Su cire ka daga teburin Merle, jikokinka su ji a makaranta?" Ya ajiye masarar a cinya. "Amma kada ka ɗauka bai yi min ciwo ba. Ya yi, Lonnie. Akwai ranakun da na tsane ka. Na so ganin rigar nan fiye da yadda na nuna. A motar nan ma da gangan na gaya maka zancen wasiƙa, don ka ji a jikinka."

"Na ji."

"To shi ke nan, mun yi ɗaya da ɗaya."

"Ba mu yi ba."

Odell ya gyaɗa kai. "A'a, ba mu yi ba," ya ce. "Miƙo min wata masarar."

Da Fabrairu ta zo, Lonnie bai jira mai kawo wasiƙa ba. Ya je gidan waya ya tsaya har aka ware katinsa, ya sa hannu a kan kanta, ya kai wa Misis Voss da ƙafa. Bayan kwana goma aka liƙa takarda: ya cika.

Ranar wasan gida na ƙarshe, Asabar da la'asar, zauren ya cika har matattakala. Ƙamshin gugguru ko'ina, 'yan makaranta suna ta buga ganga. Darlene ta dawo kujerarta. Da aka tafi hutun rabin lokaci, aka shimfiɗa jan kafet, mai shela ya fara jero tarihi, kofi uku, shekara huɗu ba a ci mu a gida ba, sannan ya kira sunan Odell Mabry.

Janelle ta miƙe za ta riƙe mahaifinta. Ya ce, "Zauna, 'yata. Lonnie zai kai ni."

Suka taka zuwa tsakiyar fili, tsofaffi biyu, ɗaya yana jan ƙafa, ɗaya yana riƙe da gwiwar hannun ɗayan. Mutum dubu shida suka miƙe tsaye. Aka fara jan igiya, ihu ya cika zauren har ƙasa tana rawa.

Odell ya ɗaga fuska sama, amma gefen da ya fuskanta ba nan rigar take ba. Lonnie ya sa hannu a kafaɗarsa ya juya shi a hankali.

"Nan take."

"Ta fara hawa?"

"Ta fara."

"To faɗa min. Kada ka rage komai."

Lonnie ya ɗaga kai sama. "Fara ce tas. Lambar ja ce, an yi mata baki da ruwan zinariya. Sunanka yana sama, manyan haruffa."

"Sun rubuta shi daidai?"

"Daidai."

"Ina take yanzu?"

"Ta wuce allon maki. Tana ɗan juyawa. Ta wuce fitilu." Muryarsa ta karye, ya tsaya.

Odell ya matse masa hannu. "Ci gaba mana, ɗan'uwa. Kai ne kake gani."

Lonnie ya goge fuska da hannun riga, ya ci gaba da faɗa masa, taku bayan taku, har rigar ta kai inda za ta tsaya. Duk zauren nan kowa ya ga lamba talatin da huɗu ta hau, ban da mai ita.

Darasi: Mai kishi yana ɗauka jinkiri kawai yake jawo wa ɗan'uwansa, bai san akwai abin da in ya wuce ba ya dawowa ba. Ana iya yafe maka, amma yafiya ba ta mayar da abin da ka hana mutum a lokacin da yake iya morarsa. In akwai alherin wani da ya tsaya a hannunka, sa hannu ne, ko shaida, ko kalmar yabo, ka sake shi yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai riƙe da irin wannan katin a cikinsu.